Tubalin Taimamar Baba

Jama'ar wannan shafi, ina gaishe ku da zafin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na ga saƙonninku. Baiwar Allah da ta rubuto min cewa, "Lalla, ki rabu da mahaukacin nan mai tonon laka ki auri Gambo," na gode, Allah ya ba ki miji mai kanti. Amma ki gyara zama ki ji abin da ya faru a tsakar gidanmu ranar Alhamis, don ni da abin ya faru a gabana har yanzu tsigar jikina tashi take yi.

Saboda waɗanda yau suka shigo: ni malamar ilimin halittu ce a wata kwaleji a nan Matameye. Innata ta rasu ina goye, ƙanwar Baba, Gwaggo Tata, ita ta raine ni. Ƙannena mata biyu, ƴan uba, duk suna ɗakunansu, ni ce na rage, kuma kun san yadda ake kallon irina a gidan suna. Manemana biyu. Gambo ɗan Alhaji Bawa ne, aminin Baba tun suna yara, yana da shagon kayan salula a Kano. Ba shi da wani aibu, Allah shi ne shaida, sai dai in ya zo zance gaisuwa ce kaɗai tawa, sauran hirar duk ta sarja ce da batir. Na biyun shi ne Aƙilu.

Aƙilu a Dakar yake neman digirin dokta a kan ƙwayoyin halitta, wato ƴan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakoki, masu tallafa wa bincikensa suka naɗe tabarmarsu, sai ya dawo gida da akwati ɗaya da madubinsa na ƙara girman abu. Ba a jima ba aka fara ganinsa a tabkunan Dungu, wando a naɗe har gwiwa, yana kamun gaiwa.

"Duk bokon nan a gaiwa ya ƙare?" in ji Baba ranar da labari ya iso shi. "Gaiwar da muke tonowa da fartanya muna yara? Wannan zan ba ɗiyata?"

Ni ma fa da farko dariya na yi masa, ba zan ɓoye muku ba. Sai ranar da ya zo lakwal ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa, da madubin, bayan an tashi yara, ya ce in zo in gani. Kun san in tabki ya ƙafe gaiwa nutsewa take yi cikin laka, ta naɗe kanta, yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata ɓawo. Ɗan ɓallin ɓawon nan ya ɗora a gilashi.

"Me za ki ce wannan?" ya tambaye ni.

"Busasshen yauƙi mana."

"To sa ido."

Na sa ido. Wayyo Allah! Shekara da shekaru ina zana wa yara ƙwayar halitta a allo, da'ira da ɗigo a tsakiya, ina cewa su kwafa. Ga su nan yau a gabana, jere bisa jere, an shirya su hawa-hawa kamar ginin rumbu. Aƙilu ya ce masu bincike sun gano ɓawon nan ba matacce ba ne. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta fitowa suke yi daga cikin jikinta su tare a cikinsa, suna gadinta tana barci. Zuciyarta ta rage bugu, cikinta ya daina neman abinci, tana ɗan gutsurar naman jikinta kaɗan-kaɗan, kamar yadda tsofaffi ke faɗa. Kuma in aka yanke mata wutsiya, ƙwayoyin bakin ciwon sai su ajiye aikin da suka saba, su koma kamar na ɗan tayi, su sake gina tsoka da jijiya da guringuntsi, kowanne a mazauninsa.

Na ɗago na ce, "Wa ke gaya musu inda za su tsaya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Da na sani, da ban shiga laka ba."

Ranar nan, jama'a, na koma gida ban san na bi ta kasuwa ba. Kuma ranar nan na san Gambo ya makara.

Abin da Aƙilu ke son sani shi ne: in gaiwa ta yi barci da ciwo a jikinta, ƙwayoyin nan gini suke ci gaba da yi ba ci ba sha, ko su ma jira suke? Ya ce amsar za ta iya amfanar masu ciwon da ya ƙi warkewa wata rana. Don haka da kakar bara ya kama ƙanana da dama, ya ɗan datse wa kowacce bakin wutsiya, ya sa su a laka ya bar ta ta bushe a hankali. Zafin bana da ɓeraye suka gama da su, saura ɗaya tal. Ita ɗin ma ba zai buɗe ta ba sai da wani magani da ke tsayar da ƙwayoyi yadda aka same su, maganin kuma sai Yamai.

Ranar da zai tafi Yamai neman maganin ya tare ni a ƙofar lakwal da kwali. Ciki curin busasshiyar laka ne, girman tubali, naɗe a tsohon zane, da wata ƴar ƙaramar kafa a samansa wadda ta nan take shaƙar iska.

"A gidanmu Hajiyata ta rantse sai ta yi miya da ita," in ji shi. "Amana ce, Lalla. Ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa ta. In ta farka, ƙwayoyin za su sauya kafin rana ta faɗi, aikin shekara ya bi ruwa."

Na ce, "Ruwa? A garin nan? Kwantar da hankalinka."

Ai kun san halin da muke ciki. An yi shuka sau biyu, sau biyu tana ƙonewa. Kuran, wato wutar lantarki, sai ya ga dama, famfo kuwa tun da ya yi tari ya yi shiru bai sake magana ba. Bidon gidanmu, jarkokin ruwa ke nan, kullum suna layi. An fita roƙon ruwa, hadari ya taso ta gabas har mata suka kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi.

Na tura kwalin ƙarƙashin gadona. Kullum da hantsi sai in jawo shi, in riƙe zaren auduga a bakin kafar, in yi ta jira har ƙafata ta yi sanyi. Can sai zaren ya ɗan motsa. Sai in rubuta masa: "Amaryarka tana numfashi." Shi kuma ya amso: "Ki gaishe ta. Magani bai iso ba, wai motar tana iyaka." Da ɗan hoton fuska mai gumi.

Matsalar ita ce Baba ya riga ya kafa min doka: ko allura kada in sake karɓa daga hannun Aƙilu. Ita kuwa Gwaggo Tata ba ta ganin ƙarƙashin gado ta ƙyale. Ran nan na dawo daga aiki, ko hijabi ban cire ba, na hango curin a gefen buzun Baba, a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya.

"Ke da ajiye shara," in ji Gwaggo tana tankaɗe. "Har da ƙasa a kwali! Zan jefar, babanki ya ce a bar masa."

Baba tun da ruwa ya yi wuya ya koma taimama. Ya ce ba zai zuba a ƙafarsa abin da akuya da jikoki za su sha ba. Ga shi gwiwa ta hana shi yawan sunkuyawa ƙasa. Ya shafa curin ya ce, "Ƙasa ce mai kyau, Lalla. Ga tsabta, ga sanyi a hannu. A ina kika samo ta?"

"Ta aikin lakwal ce, Baba."

"To na ara."

Ku gaya min, me zan ce? In na ce ta Aƙilu ce, bayan katanga za ta kwana. Na shiga ɗaki na zauna ina ta saƙa da warwara, sai wata dabara ta faɗo min, har na yi wa kaina tafi. A duk faɗin Matameye, ina ne ya fi gefen mai taimama nisa da ruwa? Na bar ta nan. Sau biyar a rana ina kallon Baba ya ɗora tafukansa a kanta, ya shafi fuska, ya sake ɗorawa ya shafi hannuwa. Ban gaya wa Aƙilu ba. Na dai ce masa tana wuri mai albarka.

Ana nan sai Baba ya kira ni. Ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ya ba yaron nan lokaci ya fito, bai fito ba, ba aiki ba ranar gama karatu. Ranar Alhamis Alhaji Bawa da mutanensa za su kawo goron tambaya.

"Ba zan yi miki dole ba," in ji shi. "Amma in kin kunyata ni a gaban Bawa, kin san abin da kika yi."

Wannan ai ya fi dole ciwo. Na rubuta wa Aƙilu. Rezo, wato layin salula, ya riƙe saƙon, sai can ya tafi. Amsarsa gajeriya ce: "Ba ni da abin da zan nuna masa tukuna. Ki yi abin da zuciyarki za ta iya ɗauka." Na ji kamar in jefa salular a rijiya, in da akwai mai ruwa.

Ranar Alhamis tun da safe Gwaggo ta tura ni kitso maƙwabta. Ta fito min da atamfa mai ruwan ganye da ɗan kwali, da mayafi ruwan madara wanda ta ɓoye tun bikin ƙanwata, ta turara su har ɗakin ya koma kamar na amarya. Na sa, na zauna bakin gado kamar an dasa ni. Baba ya yi azahar a masallaci da baƙinsa, suka dawo zaure, aka kai musu fura.

Da la'asar ta yi ya shigo cikin gida. Na ji muryarsa.

"Wa ya ɗauke min tubalina?"

"Au, ni ce," in ji Gwaggo daga madafa. "Murhu ne ya tsage, babbar tukunya ta ƙi zama. Ƙasar tsakar gida kuwa ta zama ƙarfe. Na jiƙa shi da ruwan wankin shinkafa in yi yaɓe, ya ƙi narkewa da wuri, sai na tokare tukunyar da dutse. Yana can cikin baho."

Ban san lokacin da na fito ba, ba takalmi, mayafi na jan ƙasa. Baho na bayan madafa, a inuwa. Curin ya rabe biyu, ruwan ya yi kauri ya zama kunun laka. Baba na tsaye a kansa yana shirin yi wa Gwaggo faɗa.

Sai lakar ta motsa.

Wani abu mai launin ƙasa, a naɗe kamar gammo, ya fara warwarewa a hankali. Ɓawon ya saɓule daga kansa. Ƴan siraran hannuwan nan nata kamar zare suka miƙe, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago baki saman ruwa, ta buɗe, ta ja iska da wani ɗan sauti kamar gyatsar jariri. Sannan ta buɗe ido, ƴan ƙanana, ta dube mu.

"La'ilaha illallahu," in ji Baba, can ƙasa-ƙasa. Mutumin da gwiwa ta hana sunkuyo, sai ga shi tsugune.

Gwaggo ta leƙo da muciya a hannu. "Kai! Gaiwa ce! Alhamdu lillahi, ga miyar baƙi ta kawo kanta."

Ni kuwa na durƙushe a wurin da sabuwar atamfata na fashe da kuka. Kukan biyu ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Ɗaya na aikin Aƙilu da ya narke a ruwan shinkafa. Ɗayan kuwa ban san sunansa ba. Na yi ta riƙe mata zare ina ganin yana motsi, amma ashe can cikin raina ban gama yarda akwai mai rai a ciki ba sai yanzu.

"Ke, mene ne?" Baba ya tambaya.

Na faɗa masa komai. Wanda ya ba ni, da abin da ya ce, da dalilin da ya sa na yi shiru. Na jira tsawa. Bai ko dube ni ba, idonsa na kan baho.

"Tun yaushe take ciki?"

"Tun kakar bara, Baba."

"Ba ci, ba sha."

"Ba ci, ba sha."

Ya juya tafukan hannunsa yana kallonsu. "Na san gaiwa tun ban san kaina ba. Na tona, na gasa, na ci. Amma ban taɓa ɗora hannuna a kanta sau biyar a rana ina neman tsarki ba, tana ƙasan tafina tana numfashi, ni ban sani ba." Ya dube ni. "Me ke tsare ta a ciki? Me ya hana ta ruɓewa?"

Ina sheshsheƙa na ba shi labarin ɓawon, da masu gadin da ke fitowa daga jininta, da zuciyar da ke rage bugu, da ƙwayoyin da ke komawa kamar na ɗan tayi su sake gini. Ya sa yatsa ya ɗauko ɓallin ɓawon da ke yawo a ruwan, ya ɗaga shi a rana.

"Wannan ɗin ma mai rai ne?"

"Haka ya nuna min a madubi. Da idona na gani."

"Subhanallahi. Mu muna nan muna cewa ƙasa ta mutu."

Ruwan bahon ya yi mata kauri, tana ta ɗago kai. Baba ya miƙa hannu ya ɗauko butarsa, ruwan da ya hana wa ƙafarsa tun farkon bazara, ya tsiyaye mata shi duka. Gwaggo ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Tata, wanda ya taɓa kifin nan ni ya taɓa." Sannan ya juyo gare ni. "Kin ce in ta farka aikinsa ya lalace?"

"Sai ya sake daga farko. Sai wata kakar, in an samu ruwa a tabki."

"Shekara ke nan."

"Shekara, Baba."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya gyara hularsa ya nufi zaure. Ni kuwa, Allah ya yafe min, na bi bayansa na lafe a jikin ƙofa.

"Bawa," na ji ya ce, "ka san ni, na san ka. Yau na gano na ɗauki amanar wani ba da izininsa ba, a gidana ta lalace. Ba abin da ake saye a kasuwa ba ne balle in saya masa. Shekararsa na ɓata, shekara zan biya shi. Ba zan haɗa masa hasara biyu a yini ɗaya ba. Ku koma da goronku, in Allah ya kai mu baɗi war haka, a sake zama."

"Amanar me?" in ji Alhaji Bawa.

"Gaiwa."

Sai na ji an ja tsaki, an kaɗe riga.

"Buraima, saboda kifin laka za ka mayar min da goro a gaban mutane?"

"Zo ka gan ta."

Bai zo ba. Suka fita ko sallama ba su yi ba, kuma na san wannan fitar za ta daɗe tana yi wa Baba ciwo, don amincinsu ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya dawo cikin gida a hankali, fuskarsa ba walwala. Ya ce, "Ban ce na ba Aƙilu ke ba. Shekara na ce. Kira min shi."

Na kira. Ya ɗauka da fara'a, wai magani ya iso ɗazun nan, gobe zai hau mota. Jama'a, gara a ce in haɗiye garwashi da in faɗi abin da na faɗa. Na dai gaya masa gaiwarsa ta farka. Da ya yi magana muryarsa ta dushe.

"Tana da rai?"

"Tana iyo."

"To duba min wutsiyar."

Baba ya karɓe salular daga hannuna, ya sake tsugunawa. "Buraima ne. A ina ka yanke?" Ban ji amsar Aƙilu ba, na dai ga Baba ya kai yatsa ya ɗan tallafo wutsiyar. A bakinta, inda aka datse, akwai wani ɗan siririn tsiro, fari-fari, mai laushi, haske na ratsa shi.

"Akwai sabon abu," in ji Baba. "Kamar tsinin gero ran da ya fasa ƙasa."

Na ji Aƙilu yana magana da sauri-sauri, wai ba a san ko kafin ta yi barci ya fito ba ko tana ciki, wai kifi ɗaya ba hujja ba ne, sai an sake da masu yawa, wataƙila shekara biyu.

"Ɗaya na ce," in ji Baba. "Kuma in za ka zo, ka taho da madubin nan. Ina son in ga masu gadin."

Ya miƙo min salula. La'asar na neman wucewa, ga buta ba ruwa, ga tubali ya zama kunu. Ya nufi katangar tsakar gida, wadda kakana ya gina da lakar tabki tun kafin a haifi Baba. Ya ɗaga hannuwa zai buga kamar yadda ya saba, sai na ga ya tsaya. Ya daɗe yana kallon katangar. Sannan ya ɗora tafukansa a hankali, a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.